Daga Madobi Zuwa Tsakiyar Ruwan Tiga

Duk wanda ya ci tuwon shinkafa da miyar ɗanyen tumatir a birnin Kano cikin hunturu, da wuya a ce bai ci albarkacin ruwan Tiga ba. Shinkafar ta Kura ce ko ta Bunkure, tumatirin na Kadawa, albasar ma daga can gefen take. Ruwan famfon da aka wanke su da shi kuwa, in dai daga Tamburawa aka turo shi, Kogin Kano ne, linzamin Kogin Kano kuma a hannun Tiga yake. Amma fa tara Kanawa ɗari ka tambaye su wa ya taɓa tsayawa a bakin wannan ruwa, balle ya shiga jirgi a kansa. Masu amsawa ba za su yi yawa ba. Shekara da shekaru muna ci daga gare shi ba mu san kamanninsa ba, ba mu san mutanen da ke kwana su tashi a kansa ba.

A Madobi zancen ya taso. Wani abokinmu tun na makarantar kwana, wanda ya koma gida ya rungumi noman rani, shi ya gayyace mu ganin lambunsa. Da ni aka je, da wani malamin sakandare da kowa ke ce wa Malam, da kuma Injiniya, wanda ya daɗe yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Bayan sallar isha'i aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo shayi da kaskon wuta, hira ta yi daɗi. Injiniya ya shiga ba mu labarin wasu ƙananan jirage da yakan hango ranar Asabar da Lahadi a ruwan Legas, masu ɗaukar mutum biyu ko uku, ba inji, sai wani farin ƙyalle da ake ɗagawa iska ta tura. Ya ce ya daɗe yana sha'awarsu daga nesa.

Mai masaukinmu ya ajiye kofinsa ya ce, "Injiniya, ai ba sai an je Ikko ba. Akwai wani dattijo a Tiga da nake sayen kifi a hannunsa, shi ma da iska yake tafiya in ta yi masa daidai. In kun shirya shan sanyi, sai mu sa rana."

Nan take aka sa. Injiniya ya gindaya sharaɗi ɗaya: shi zai taho da rigunan ruwa, irin masu hana mutum nutsewa, kuma ba wanda zai taka jirgi ba tare da ya ɗaura tasa ba. Aka amince.

Da ranar ta zo, cikin watan Janairu, a Madobi muka kwana, muna idar da sallar asuba muka kama hanya. Sanyi na ratsa ƙashi, hazo ya rufe gabas. A fadamun da ke kusa da Kogin Challawa tuni injinan ban ruwa sun fara kuka. A nan kowa da injinsa, kowa da rijiyarsa ko ramin da ya haƙa a yashin kogi, kuma sai an sayi fetur kafin shuka ta sha. Bambancin da mai masaukinmu yake so mu gani ke nan, domin muna shiga ƙasar Kura kukan inji ya ragu, ƙasa ta koma kore shar iya ganinka: alkama, albasa, tumatir, masara, attaruhu. Ya tsayar da mota a bakin wani kanal, muka sauka.

Wani yaro da bai fi shekara goma sha biyu ba yana ba fangalin mahaifinsa ruwa. Kayan aikinsa guntayen bututun roba ne lanƙwasassu. Sai ya tsoma ɗaya cikin kanal ya cika, ya toshe baki guda da tafin hannu, ya fizgo shi da sauri ya tsallakar da shi kan gaɓa zuwa cikin gona, sannan ya janye hannun. Ruwa ya ɓalle yana zuba, kuma ba zai tsaya ba sai an ɗaga bututun. Kafin ka ce kwabo ya jera su reras, ya koma gefe ya tsuguna yana jiran rana ta yi ɗumi. Ba fetur, ba lantarki. Gangara ce kawai ke wannan aiki tun daga Tiga. Ruwa ya fito daga dam ya bi babban kanal, ya yada zango a Ruwan Kanya ta wajen Rano, ya rabu reshe biyu, na gabas da na yamma, daga nan ya yi ta rarrabuwa cikin ƙananan magudanai har ya iso hannun wannan yaro. Wannan shi ne aikin noman rani na Kogin Kano, mai dubban hekta a ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam, wanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi.

Da can in an ambaci Kura, marina da bugu ake tunawa, da rawani ɗan Kura mai ƙyallin shuni wanda Buzaye ke nema tun daga Agadas. Rinin bai mutu ba, amma abin da ya fi cika garin yanzu shi ne ƙarar injinan casar shinkafa da hayaƙin gumi da ke tashi daga gidaje. A Kwanar Gafan muka tarar da kwandunan tumatir jibge a bakin titi, 'yan gwari na ta ciniki, manyan motoci na jiran lodi zuwa Kudu. Nan kusa, a Kadawa, kamfanin sarrafa tumatir na Dangote yake, wanda aka buɗe a 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta yi wa gonakin tumatir kaca-kaca. Muka sayi tumatir da albasa na guzuri, muka wuce. Gaba kaɗan muka bar titin Zariya muka karya hagu ta Bagauda, wadda madatsarta ta fashe a daminar 1988, tsohon otal ɗinta kuma yanzu reshe ne na Makarantar Koyon Aikin Lauya ta Najeriya.

Ruwan Tiga ba ya nuna kansa da wuri. Sai ka ratsa garin, ka hau tudu tsakanin manyan duwatsu, ga otal ɗin Rock Castle can a kan nasa dutsen, sannan ka gan shi shimfiɗe a gabanka. An gina madatsar ne daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahel. Bangonta tarin ƙasa ne da aka lulluɓe da dutse, tsawonsa ya kusa kilomita 6. An tsara ta yadda in ta cika ruwan zai mamaye murabba'in kilomita 178, ta kuma riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. A ranar hazo irin wannan ba ka hango ɗaya gaɓar, ruwa da sama sun haɗe sun zama toka-toka. Malam ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "Ikon Allah! Kilomita saba'in kacal daga gidana, amma sai yau."

Dattijon yana jiranmu a bakin gaɓa tare da autansa, wani saurayi mai faɗin ƙirji. Shi kuwa siriri ne, baƙi, da farin gemu, tafin hannunsa duk kanta.

"Salamu alaikum, Baba. Barka da sanyi."

"Amin alaikumus salam. Barka kadai, Alhaji. Su ne baƙin namu? Sannunku da zuwa, 'ya'yana."

Ya dubi rigunan da Injiniya ke fitarwa daga bayan mota, ya karɓi ɗaya ya jujjuya ta, ya gwada ƙarfin igiyoyinta da hannu. "Wannan kam dukiya ce," in ji shi. "Ku ɗaure su tamau, kada a bar ta tana lilo."

Jirgin na katako ne, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, tsawonsa kamar taku goma, an toshe tsakanin katakan da tsumma da kwalta. Amma abin da muka zo gani yana naɗe a cikinsa. Buhunan taki ne aka farke, aka wanke, aka ɗinke su wuri guda da zaren buhu, suka zama wani makeken zane mai kusurwa huɗu. Rubutun NPK da na yuriya na nan raɗau a jikinsu, wani a miƙe wani a kife. Baba ya ce daga gonakin Kura da Kadawa yake samo su bayan an gama zuba taki, ya zaɓi waɗanda rana ba ta dafa ba. Gora biyu ke ɗauke da zanen: ɗaya mai kauri da ake kafawa tsaye cikin wani rami da aka huda a katakon zama na gaba, ɗaya siririya da ke tokare kusurwar sama a karkace don zanen ya buɗe. Igiya ɗaya ce ke fita daga kusurwar ƙasa zuwa hannun Auta. Iyakar kayan ke nan.

Na tambaye shi inda ya koyi wannan dabara. Ya ce, "A Baga, ɗana. Na yi shekaru ina su a Tafkin Chadi. Can ruwa da faɗi, in ka ce da hannu za ka tuƙa sai kafaɗarka ta cire. Da fitina ta taso na tattaro iyalina na dawo gida, na dawo da abin da na gani. Da fari samarin nan dariya suke mini. Tun da aka cire tallafin mai sai dariyar ta ragu, har wasu na zuwa su ce, Baba, yaya ake ɗinkin nan?"

Muka shiga ɗaya bayan ɗaya, yana nuna wa kowa mazauninsa gwargwadon nauyinsa. Malam ya ja mu addu'ar shiga jirgi, wadda Annabi Nuhu ya yi. Auta ya tura jirgin da ƙafa ya ɗare, suka tuƙa da filafili har muka fita daga lungun da duwatsu suka kare. Muna fitowa fili iskar hunturu ta same mu ta baya, daga arewa maso gabas. Baba ya ce, "Ɗaga." Auta ya kafa gorar, ya tokare kusurwa, ya ja igiya. Zanen ya yi fal-fal, ya yi fal-fal, sannan ya kumbura fam kamar babbar rigar mai keke a gangara. Jirgi ya ɗan ja numfashi ya fara tafiya.

Wanda bai taɓa shiga ba, zai yi wuya ya gane daɗin wannan tafiya. Ba ƙarar inji, ba warin fetur, ba wanda ke nishi da filafili. Abin da kake ji kawai shi ne ruwa na gogar katako ta ƙarƙashinka, da ƙarar gora in iska ta ƙara ƙarfi. Baba na zaune a can baya, ya soka filafili cikin ruwa ya maƙale shi a hammata, da shi yake juya akalar jirgin, ɗan motsi kaɗan ya isa. Muka bi gefen gaɓar yamma muna yin kudu. Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya a bakin ruwa, garken kirinjijiya ya tashi yana fito a samanmu, shirwa na shawagi tana jiran abin da masunta za su yar. Injiniya ya roƙi Auta ya ba shi igiyar. Da ya riƙe ya ji yadda iska ke ja a hannunsa, sai fuskarsa ta cika da murna, ya ce, "Malam, zo ka ji. Wallahi da rai take."

Shi ne ya yi wa Baba bayanin jiragen Legas. Ya ce ƙyallensu mai kusurwa uku ne, kuma akwai wani dogon allo da ake zurawa ta tsakiyar jirgi ya nutse cikin ruwa. Allon nan shi ke hana iska tura jirgi ta gefe, don haka matuƙi na iya yanka iskar a karkace, ya yi dama ya dawo hagu, ya yi ta saƙa har ya isa inda iskar ke fitowa. Namu kuwa, da yake ƙasansa a shafe yake, inda iska ta nufa nan yake binta, in ya karkata ma kaɗan ne. Malam ya ƙara da cewa ai Bahaushe ba baƙon irin wannan jirgi ba ne. Kakanninmu alhazan ƙafa, waɗanda kan ratsa Borno da Chadi da Sudan cikin shekaru, in sun isa Sawakin jiragen katako masu tafiya da iska suke shiga su haye Bahar Maliya zuwa Jidda.

Baba ya saurara da kyau, bai katse kowa ba. Da aka gama ya ce, "Injiniya, dabarar ta yi. Amma allon nan naka, in ya gamu da kututture fa?"

"Wane kututture, Baba, a tsakiyar ruwa?"

Ya ɗaga haɓa ya nuna gabanmu. Sai a lokacin muka lura da wasu baƙaƙen kawunan itatuwa da ke leƙowa daga ruwa nan da can, wasu ma sai igiyar ruwa ta janye suke bayyana. Ya ce waɗanda ake gani ba su ne abin tsoro ba, na ƙasa su ne masu fasa jirgi da yaga taru, kuma duk mai tuƙi a Tiga sai ya haddace wurarensu.

"Nan da kuke gani daji ne da gonaki da gidaje. Ina yaro aka zo ana awo, ana kafa turaku, aka ce ruwa zai zo har nan. Manya suka ce ina ruwa zai hau tudun nan? Aka ƙirga ɗakuna, aka ƙirga itatuwa, aka biya abin da aka biya, aka ce mu koma tudu. Da damina ta sauka sai ga shi yana tahowa a hankali, yau ya ci wannan gona, gobe ya ci waccan. Mahaifina kullum sai ya zo ya tsaya yana kallo." Ya ɗan sassauta filafilin, ya nuna wani wuri da ba shi da wata alama a idonmu. "Daidai can tsamiyar ƙofar gidanmu take. Maƙabartarmu na gabas da ita. Kakana na nan ƙasa."

Ba wanda ya ce uffan. Malam ya ɗaga hannu, muka yi wa mamatan addu'a, jirgi na ci gaba da tafiya a kansu.

Mai masaukinmu ya ce, "Baba, ashe diyyar ba ta yi ba?"

"Alhaji, kuɗi ƙarewa suke, gona kuwa ba ta ƙarewa. Mu gidanmu ba masunta ba ne, manoma ne tun kaka da kakanni. Ruwa ne ya cinye gonar, sai na bi shi in karɓi abincina a hannunsa. Wurin masuntan da suka zo daga wajen Yawuri da Argungu na koya. Alhamdu lillahi, ban rasa ba."

Wannan magana ta zauna mini a rai, har yanzu ba ta tashi ba. Ina cikin masu ganin gina Tiga alheri ne babba, kuma duk wanda ya ga koren da ke tsakanin Kura da Bunkure a tsakiyar rani zai yi wa waɗanda suka yi aikin addu'a. Dubban gidaje da a da samarinsu kan tafi cirani da zarar an gama girbi, yanzu suna noma sau biyu, wasu sau uku a shekara. Amma wanda ya ci riba daban, wanda ya biya daban. Mutanen da ruwa ya tasa sun biya da gonakinsu da kaburburan iyayensu. Akwai kuma wasu masu biyan a can ƙasa, waɗanda ba su taɓa ganin Tiga ba. Kogin Kano in ya haɗu da Challawa shi ne ke zama Kogin Haɗeja, ya wuce Wudil da Ringim, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, sauransa ya bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Ambaliyar da kan cika waɗannan fadamu kowace damina ita ce shinkafarsu, ita ce kifinsu, ita ce ciyawar dabbobinsu. Tun da aka datse Tiga, aka ƙara da madatsar Challawa ta Ƙaraye a 1992, ambaliyar ta ragu, ruwan da ake saki duk shekara kuma ya ba kacala damar toshe hanyoyin ruwa. Bai kamata mai cin shinkafar Kura ya jahilci wannan ba, kuma bai kamata a riƙa ɓarnar ruwa a kanal kamar ba mai jiransa a gaba ba.

Wajen tsakar rana iska ta sauya hali. Muna ƙetare bakin wani lungu mai faɗi sai ta taso da ƙarfi, ruwa ya yi duhu, igiyoyi suka fara marin gefen jirgi suna watso mana. Gorar ta lanƙwasa har tana ƙara. Baba bai ɗaga murya ba, ya ce, "Kowa ya zauna inda yake. Kada wanda ya miƙe, kada wanda ya kama gefe guda. Auta, sauke." Cikin ƙiftawar ido yaron ya saki igiya, ya zare gorar tokare, ya tattare zanen ya danne da gwiwa. Ya miƙa wa Malam wata yankakkiyar jarka ya ce ya riƙa kwarfe ruwan da ke shigowa. Uba da ɗa suka sa filafili, suka juya goshin jirgi yadda igiyar ruwa ba za ta buge shi a kwiɓi ba, suka lallaɓa da mu har bayan wani dutse da ya miƙo cikin ruwa. Muna shiga inuwarsa ruwa ya kwanta lamo.

A nan muka yada zango. Wasu masunta biyu na gefe suna cire kifi daga kalli, muka sayi karfasa da tarwaɗa kaɗan. Baba ya ɗaga wata 'yar karfasa da ba ta kai tsawon yatsa ba daga cikin kwaryarsu, ya girgiza kai. Ya ce wannan ita ce cutar ruwan yanzu: raga mai ƙananan ido, har da masu jan gidan sauro, suna kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba, sannan a dawo ana kukan kifi ya yi ƙaranci. Samarin suka sunkuyar da kai suka ce, "Baba, sai haƙuri, gida ba abinci." Ya ce, "Na sani, 'ya'yana. Amma baɗi ma za a ci abinci."

Auta ya haɗa wuta da busassun ƙirare a tsakanin duwatsu. Ya fede karfasar, ya tsaga gefenta, ya shafe ta da gishiri da yajin ƙuli, ya ɗora a kan wata tsohuwar waya. Muka yanka tumatir da albasar Gafan a kan gurasar da Malam ya taho da ita daga birni. Kifin da aka ciro daga ruwa aka ɗora a wuta nan take, zaƙinsa daban ne, tsokarsa fara sol tana rabuwa da ƙaya da kanta. Can gefe wasu Fulani sun kawo shanu mashaya, wata yarinya ta taho da ƙwarya muka sayi fura da nono. Muka yi alwala da ruwan dam mai sanyi ƙarara, Malam ya ja mu azahar a kan falalen dutse.

Daga kan dutsen ana ganin abin da ba a gani daga cikin jirgi. An nome ƙasa har bakin ruwa, itatuwa sun yi ƙaranci a kan tuddai, ga kwazazzabai jajaye sun gangaro. Duk damina ƙasar nan cikin dam take ƙarewa. Kogin Kano daga kudu yake fitowa, ya ratso dajin Falgore kafin ya iso nan, don haka kowace bishiya da aka sare a can don gawayi, yashinta a Tiga zai kwanta. Baba ya ce akwai lungunan da a da gora ba ta taɓa ƙasa, yanzu da rani yara ke wasa a wurin.

Muna zaune zancen Bagwai ya shigo, Malam ne ya tuno. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya kife a dam ɗin Watari tsakanin ƙauyen Badau da garin Bagwai, ɗauke da mutanen da suka fi ƙarfinsa, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu. Baba ya ce labarin ya zo musu a daren, kuma ba mai jirgin da ya yi barci mai daɗi. Ya ce abu uku ke kashe mutane a ruwa: lodi fiye da kima, tafiyar dare, da tsohon jirgin da aka ƙi gyarawa. Ya shafa rigar da ke jikin Injiniya ya ce, "Na huɗunsu rashin wannan. Ɗazu da jirgin nan ya kife, da ku kuna sama kuna jiran a zo a ɗauke ku. Matan da muke fito da su ranar kasuwa, da goyo a baya, ba mai ko ɗaya."

Ba mu tashi ba sai bayan la'asar, da iska ta faɗi. Komawa arewa ba aikin zane ba ne, don haka aka naɗe shi, aka rarraba filafilai, kowa ya sa hannu. Muka bi gaɓa sannu a hankali, Baba na faɗin "dama" ko "hagu" in mun doshi kututture. Tafiyar da iska ta yi mana a sauƙaƙe da hantsi, sai da muka yi gumi kafin muka biya ta. Masunta na ta fitowa zuba tarun dare, ana gaisawa daga jirgi zuwa jirgi, "Sannu da ruwa, Baba!" "Yauwa, Allah Ya ba da sa'a!" Rana na dab da faɗuwa muka taka ƙasa, domin dokarsa ce ba ya kai magariba a kan ruwa da baƙi.

Muka sallame shi yadda ya kamata. Injiniya ya tattara rigunan nan duka ya ajiye masa a cikin jirgi. Baba ya ce, "Injiniya, wannan ya yi yawa." Ya ce, "Baba, ba naka ba ne kai kaɗai, na matan kasuwa ne." Dattijon ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya yi ta sa masa albarka.

Mai karatu, in kana da hali ka je Tiga, ka kai 'ya'yanka su ga inda tuwonsu ke fitowa. Tsakanin Disamba da Fabrairu iska ta fi daidai. Ka yi sammako, ka nemi dattijon matuƙi wanda ya san ruwan, ka tafi da rigar ruwa ga kowane mutum, kada ka shiga jirgin da aka cika, kuma ka fito kafin magariba. Ku kuma masu injinan casa na Kura, da dillalan Kwanar Gafan, da manyan manoman Bunkure da Garun Malam da Madobi, da hukumomin da abin ya shafa, ga aikin lada a ƙofar gidanku: ku haɗa hannu ku ajiye rigunan ruwa a kowace mashigar jirgi ta Tiga da Ƙaraye da Watari, a damƙa su a hannun sarakunan ruwa. Kuɗin riga ɗaya bai kai na buhun shinkafa ɗaya ba.